Ƙarfe Uku da Minti Ashirin a Littafin Tanderu

Shekara talatin da shida Neville Trewin ya yi yana tura silikon, ma'adinin da ake yin sola da shi, cikin wuta yana jawo shi, ba wanda ya taɓa ganin hannunsa ya yi rawa. Sai wata Litinin da hantsi, a ɗakin shayi, hannun ya yi rawar da har shayi ya zubo masa a wando.

Dakta Mele Fifita ce ta jawo. Ita aka ɗora wa shirya bikin karrama Farfesa Dulcie Varga, wadda ƙungiyar masu binciken sola ta ƙasa za ta ba lambar yabo saboda aikin da ta shafe rayuwarta tana yi. Sati biyu ke nan Mele tana tone tsofaffin akwatunan ɗakin gwaji, tana neman abin da za a haska wa jama'a a babban allo. Ta zo ta dire masa wani littafi mai baƙin bango, ta buɗe inda ta sa alama.

"Nev, ka gane wannan rubutu mai kama da tafiyar tsutsa?"

Ya gane mana. Nasa ne. Littafin tanderu ne na shekarar da ya fara aiki.

"Zubi na sha bakwai," in ji Mele, tana buga shafin da yatsa. "Wanda ya fitar da ƙwayar solar da ta ɗaga sunan Dulcie. Amma duba kwanan watan. Talata, ɗaya ga Nuwamba. An saka ƙarfe biyu da minti arba'in, an fitar ƙarfe uku da minti ashirin. Nev! Ranar Kofin Melbourne, babban tseren dawakin ƙasar nan! Daidai lokacin da ake sakin dawaki! Ƙasa kaf ta ajiye aiki ta tsaya gaban talabijin, kai kana gaban tanderu kamar wani waliyyi. Wannan shafin zan haska. Mutumin da ya bar Kofi saboda kimiyya. Sai an tafa maka har kunnenka ya toshe."

"Haba Mele, ai bikin Dulcie ne, ba nawa ba."

"Rufe mana baki, tsoho. Shekara nawa kana ɓuya a bayan tanderu? Saura kwana tara. Ka nemi kwat, kuma don Allah ka bar wannan gajeren wandon a gida."

Ta kwashi littafinta ta fita tana dariya. Nev ya zauna da jiƙaƙƙen wando, ya san an tono abin da ya binne. Domin a ranar nan, ƙarfe uku da minti ashirin, ba ya gaban tanderu. Yana cikin wannan ɗakin shayin, kuma bayan minti huɗu yana tsaye a kan tebur yana ihu.

A garin Broken Hill aka haife shi, ɗan mai haƙar ma'adinai wanda ƙarar inji ta cinye wa kunne ɗaya. Ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha biyar, ya koyi gyaran rediyo, ya gangaro Sydney, ya auri Coral mai sayar da tikiti a tashar jirgin ruwa. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da gajeren wando da doguwar safa ko da sanyi na tsaga ƙashi, kuma abincin ranarsa bai taɓa sauyawa ba: burodi da cuku da tumatir, a naɗe cikin takarda. Bai san lissafin da farfesoshi ke cika allo da shi ba, bai kuma taɓa yin kamar ya sani ba. Aikinsa shi ne ya jera faya-fayan silikon, sirara masu launin toka, a cikin ɗan kwale-kwalen gilashi, ya tura su da doguwar sanda cikin tanderun da zafinsa ke narka azurfa, ya jawo su in lokaci ya yi. Daga nan wasu su karɓa su zana musu layukan ƙarfe, a yanka su ƙanana kamar kan sarki. Kowane yanki ƙwayar sola ce, kuma abin da kowa ke fafutuka a kai a ginin nan shi ne ƙwaya ta mayar da hasken rana lantarki fiye da ta jiya.

Dulcie Varga, a wancan zamani, mace ce da ba a kawo mata wargi. 'Yar 'yan gudun hijira ce daga Hungary, gajera, mai muryar da ke ratsa bango. Dokokinta biyu ne, kuma ranar da Nev ya fara aiki ta karanta masa su kamar tana yanke masa hukunci. Ta farko a rubuce take a kwali a goshin tanderu: minti arba'in, kada a ƙara ko ɗaya, domin lissafinta ya nuna in aka wuce haka silikon zai lalace. Ta biyu ta littafi ce. Ba a gogewa, ba a yagewa. In ka yi kuskure, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu da kwanan wata, wani ya sa hannu a matsayin shaida.

Satinsa na huɗu ya saki kwale-kwale guda ya tarwatse a ƙasa, aikin wata ɗaya ya bi ruwa. Dulcie ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Cewa kawai ta yi, "Sau ɗaya ake yi, Mista Trewin." Lokacin Coral na da cikin wata bakwai.

Sai ga ranar Kofi a satinsa na shida. Kowa ya san yadda ake yi: a rubuta sunayen dawaki a 'yan takardu a ƙudundune a zuba a hula, kowa ya zari nasa, wanda dokinsa ya zo na ɗaya shi ya ci, a jawo talabijin ɗakin shayi, a kawo kaji da giya. Mutum ɗaya ce a ginin ba ruwanta, wato Dulcie, wadda ke cewa ba ta ga dalilin da ƙasa mai hankali za ta tsaya cak saboda dabbobi na gudu ba. Ta kulle kanta a ofis. Nev ya tura zubi na sha bakwai, ya dubi agogo, ya ce bari ya leƙa ya ga fitowar dawakin kawai ya dawo. To, dokin da ya zara, wanda kowa ya yi ta yi masa dariya a kai cewa ko keken shanu ba zai ja ba, shi ya zo na ɗaya. Nev ya haye tebur. Ƙafar tebur ta karye, ya zube a kan farantin kaji, aka yi ta ɗaga shi sama ana waƙa. Sai da wani ya miƙa masa gwangwanin giya na biyu tanderu ya faɗo masa a rai.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar ya jawo kwale-kwalen. Minti saba'in da biyar. Ya tsaya da biro a hannu, ya tuna da "sau ɗaya ake yi", ya tuna da cikin Coral, ya rubuta uku da minti ashirin. A ransa zubin ya riga ya lalace, za a zubar, a ce silikon ɗin ne ba shi da kyau, magana ta wuce.

Maganar ba ta wuce ba. Bayan sati uku aka auna ƙwayoyin, ɗaya ta ba da abin da ba a taɓa samu ba da irin wannan silikon mai araha. Dulcie ta auna sau shida, ta aika da ita ƙasar waje aka tabbatar, ta rubuta takarda ta tura wa mujalla da "minti arba'in" a ciki ɓaro-ɓaro. Nev ya ce bari ya bari hayaniya ta lafa sannan ya faɗa. Hayaniya ta lafa, sai ya ga ai yanzu ya makara. Ya gwada a ɓoye, ya tabbatar ƙarin lokacin ne sirrin. Daga nan duk zubin da ya bi ta hannunsa sai ya bar shi saba'in da biyar, ya rubuta arba'in. Ƙwayoyinsa su fito garau, na kowa su fito lami. Sunansa ya tashi daga Nev ya koma Mai Hannun Zinariya.

Akwai wani ɗalibi mai neman digirin dakta, Stavros Lekkas, ɗan wani Bagirke mai shagon soyayyen kifi a unguwar Marrickville, wanda aka ba aikin ya maimaita abin da kansa ya gano dalilinsa. Stav yaro ne mai bin doka. Minti arba'in aka ce, minti arba'in yake yi, da agogo biyu a gabansa. Wata goma sha huɗu yana yi, ko sau ɗaya bai samu ba. Aka fara tsokanarsa, irin tsokanar ginin da ba ta da birki: ka wanke man kifin daga hannunka kuwa, Stav? Wani ya rataya masa safar hannun wanke-wanke a ƙofa. Shi ma yana dariya, har ranar da ya daina. Ya tattara littattafansa ya tafi, ya koma ɗora farantan sola a rufin gidajen mutane. Bayan shekara biyu wata ɗaliba mai taurin kai ta karya dokar kwali da gangan, ta gano ƙarin lokaci ya fi, aka buga sabuwar takarda, aka sauke kwalin. Ƙasa ta rufe maganar. Nev kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi, kuma kada wani ya ce ya manta. Duk Talatar farko ta Nuwamba sai an ba da labarin teburin da ya karya, ana ƙyaƙyatawa, shi kuwa sai ya ture farantin kazarsa gefe.

Mele ta san labarin tebur, shekarar ce ba ta sani ba. Amma tsofaffin da aka gayyato bikin sun sani sarai. Mutum goma aƙalla za su zauna a zauren nan waɗanda da hannunsu suka ɗaga shi daga cikin kaji. Ɗaya daga cikinsu ya dubi allo ya ce, "Kai, ba shekarar tebur ba ce wannan?" shi ke nan. A gaban mutum ɗari uku za a gane cewa takardar da aka gina sunan Dulcie a kanta da ƙarya a cikinta, a ranar da aka tara jama'a don a ce mata sannu da aiki.

Kwana uku yana kewaye-kewaye. Ya je wa Mele da wasu shafuka, ya ce wannan ya fi tsabta, wancan ya fi kyan rubutu. Ta ce kunya ce ke damunsa. Ya tsaya a ƙofar ofishinta da kofin shayi cike, littafin na buɗe a kan tebur, ba kowa a ciki, ya yi ta kallon kofin yana kallon shafin, yana saƙa ya kifar da shayin a kai. Sai ya tuna ta riga ta ɗauki hoton shafin. Ya koma ya zubar da shayin a wurin wanke kofuna, yana jin kunyar kansa. Ran Laraba, karo na farko a tarihin ginin, aka ga burodin Nev a kwandon shara ba a ko buɗe takardar ba.

Coral ce ta tare shi, suna shanya kaya a bayan gida.

"Kai, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya sa kake maƙala safa ɗaya da abin maƙalawa huɗu? Neville Trewin, shekara arba'in nake wanke maka wando. Faɗi."

Ya faɗa mata, yana kallon ciyawa. Ta saurara har ƙarshe da rigar barci a hannunta tana ɗiga.

"Wato saboda ni da cikin 'yarmu Janelle ka yi."

"Ranar farko, i."

"Sauran ranakun fa?"

Ta yarfa rigar ta shanya.

"Ranar farko na yafe maka, ko ni ce haka zan yi. Amma yaron nan mai kifi ya ci abinci a gidan nan, Nev. Na tuna shi, shi ne ya gyara mana ƙofar firji. Ka ɗauki mota ka je wurin matar nan tun kafin wani ya riga ka."

"Shekararta saba'in da tara, Coral. Zuciyarta ba ta da ƙarfi."

"Zuciyarta ta fi taka. Tafi."

Ran Alhamis da la'asar ya sami Dulcie a lambun gidanta tana yi wa bishiyar lemon tsami aski. Ta ƙanƙance, ta rame, amma muryar tana nan. Tun da ta yi ritaya ta daina ce masa Mista Trewin.

"Nev! Ka zo ka ga ko na mutu kafin a rataya min ƙarfen yabon? Riƙe min tsani."

Ya riƙe tsani. A haka ya faɗa mata, tana sama yana ƙasa, don ya ga ya fi sauƙi ya yi wa takalmanta magana. Yana cikin bayani ya ji almakashin ya tsaya. A hanya ya yi ta lallashin kansa da cewa wataƙila ta sani tun tuni, mace mai kaifin ƙwaƙwalwa irin wannan, wataƙila ta yi dariya ta ce ai na daɗe da ganewa. Da ta sauko ya ga fuskarta, ya san ba ta sani ba.

"Saba'in da biyar," ta ce.

"I."

"Kowane zubi."

"Har aka sauke kwalin."

Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ta daɗe tana kallon almakashin.

"Ka san abin da na rubuta a takardar shaidar Stavros da zai tafi? Na ce yaro ne mai ƙwazo amma ba shi da hannun aikin gwaji. Ni na rubuta, da hannuna. Wurare biyu suka ƙi ɗaukarsa saboda wannan layin."

"Dulcie, in kina so na rubuta wa ƙungiyar na ce ni kaɗai..."

"Kada ka rubuta wa kowa komai. Abin da ka riga ka rubuta ya isa." Ta miƙe da ƙyar, ta ƙi karɓar hannun da ya miƙa mata. "Tafi gida, Mista Trewin."

Wannan "Mista" ya bi shi har mota.

Kwana shida ba labari. Bai san ko ta kira ƙungiyar ta ce su riƙe lambarsu ba. Bai san ko za a kira shi ofishin shugaban sashe a karɓi katinsa, saura wata biyar ya yi ritaya ba. Duk wayar da ta yi ƙara a ɗakin gwaji sai ya ajiye aiki ya kasa kunne. Ya tambayi Mele a fakaice ko an sauya wani abu a shirin. Ta ce Dulcie ta bugo ta ce a bar shafin yadda yake, a kuma kawo littafin kansa zauren, sannan ta ƙara suna ɗaya a jerin baƙi. Wane suna? Mele ta ce ba ta riƙe ba, wani Bagirke ne. Nev ya shiga banɗaki ya zauna a kan murfin masai har ƙafarsa ta yi sanyi.

Ranar biki, Laraba da azahar, Coral ta cusa shi cikin kwat ɗin da ya sa a auren Janelle, wadda yanzu ta yi masa yawa. Zauren ya cika. Ga tsofaffin nan a tebura biyu na gaba, masu furfura da masu sanƙo, suna hango shi suka fara: "Ga Mai Hannun Zinariya! Ku janye tebur, ga Nev nan!" Ya yi musu yaƙe. Can gefe, kusa da ƙofa, ya ga wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura, wuyansa ya ƙone da rana, yana zaune shi kaɗai yana juya kofi. Shekara talatin da biyar, amma zaman Stav bai sauya ba.

Aka yi jawabai. Aka lissafa ɗaliban da Dulcie ta yaye, da ƙasashen da suke, da yadda abin da aka fara a ɗan ɗakin nan ya hau rufin gidaje. Aka rataya mata lambar. Nev bai ji rabin abin da aka ce ba. Naman da ke gabansa ya huce, kitse ya daskare a kai. Sai Dulcie ta matso gaban abin magana, aka sauko mata da shi daidai tsawonta, shafin ya bayyana a allo, rubutunsa ya yi girman mutum.

"An shirya in ce muku ku tafa wa mutumin da ya bar Kofi saboda kimiyya," ta ce. "Ni ban san komai a kan dawaki ba, kun sani. Amma ku kun sani. Ku dubi kwanan watan. Ku dubi lokacin. Ku na teburin gaba, ku gaya min, a ina Neville Trewin yake a wannan lokaci?"

Sai wani tsoho ya ce, "Kai... shekarar tebur ce!" Dariya ta tashi daga gaba ta bazu zuwa baya, mutane na bugun cinya, ana faɗa wa na kusa. Dulcie ta bar su suka yi mai isarsu. Ba ta yi dariya ba, kuma a hankali suka lura.

"Zubin nan minti saba'in da biyar ya yi a wuta, ba arba'in ba. Satin jiya na sani. Takardar da kuka yi ta ambata yau da kuskure a cikinta, na kuma rubuta wa mujallar a gyara. Na gaya wa ƙungiya, na ce in suna son ƙarfensu su karɓa. Sun ce in riƙe. To na riƙe. Ni na rubuta kwalin da ya ce kada a wuce arba'in, lissafina ne ya yi kuskure, doki ne ya gyara min. Ni ce kuma na gina ɗakin da ma'aikaci zai gwammace ya yi ƙarya da ya zo ya ce min ya makara. Wannan nawa ne. Sauran na Nev ne, shi ma ya sani." Ta ɗaga littafin mai baƙin bango. "Dokar littafi ba ta tsufa. Nev, taso."

Coral ta zungure shi a haƙarƙari. Bai san yadda ya kai dandamalin ba. Dulcie ta buɗe shafin a kan teburin da aka ajiye furanni, ta miƙa masa biro, ba ta dube shi ba. Na'urar ɗaukar hoto na kan littafin, saboda haka mutum ɗari uku suka ga hannun nan da ake yi wa kirari a allo. Ya ja layi ɗaya a kan uku da minti ashirin, layin ya fito a karkace. Ya rubuta uku da minti hamsin da biyar a gefe. Ya sa hannu, ya sa kwanan watan ranar.

"Saura shaida," in ji Dulcie. "Ba ni ba. Stavros, in ka yarda. In ba ka yarda ba, ba mai ganin laifinka. Ni ma ina da layin da zan ja a wata takarda da na rubuta a kanka, na kuwa ja shi jiya, kwafin yana cikin jakata."

Mutumin da ke kusa da ƙofa ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ture kujera ya taso, yana ɗingisa kaɗan irin na wanda gwiwarsa ta sha hawa tsani. Ya hau, ya sunkuya a kan littafin, ya ciro tabarau ya sa, ya karanta tsohon lokacin da sabon, leɓensa na motsi yana lissafi.

"Saba'in da biyar," ya ce a hankali, amma abin maganar ya ɗauka.

"I, Stav."

"Agogo biyu nake ajiyewa, Nev. Ka tuna? Kai ka ara min ɗaya."

"Na tuna."

"Kana tsaye a bayana kana kallo."

Nev ya so a ce Stav ya zage shi, ko ya kai masa naushi a gaban kowa, da ya fi masa sauƙi. Stav ya miƙo hannu, Nev ya sa masa biron. Ya sa hannu a ƙarƙashin na Nev, a tsanake, harafi bayan harafi, ya rubuta kwanan wata, ya mayar wa biron murfinsa ya ajiye a tsakiyar littafin.

Sannan ya buɗe tafukansa biyu ya tsaya yana kallonsu, manya, masu kanta, da tabon yankan kwano a babban yatsa. Ya juya bayansu, ya sake juyo cikinsu.

"Ashe lafiyarsu ƙalau," ya ce.